Kunya Bakwai a Saman Makabarta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga 'yata Ummi, tare da gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Allah ya sa kun sauka Kaduna lafiya ke da maigidanki, ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ki da maƙwabta nagari da ɗalibai masu jin magana. Ki gaishe min da Malam Nasiru, ki ce masa na gode da haƙurin da ya yi da surutuna.

Wannan takarda za ki same ta a ƙasan kwallar daddawa, ni na sa ta da hannuna. Ki yi haƙuri da rubutun. Na ajin yaƙi da jahilci ne, ke kuma malama ce, na san hannunki zai yi ta neman jan biro. Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki fara gyara.

Ranar da kike haɗa kaya kin ce min mai buga bulon nan na Karaye ya sake aikowa. Yana son gefen gonar da kika gada daga mahaifiyarki, wanda ke saman makabarta, don ya haƙi ƙasa a wurin. Kika ce tunda ba noma za ki yi ba, kuma wurin ma ciyawa ce kawai ta cike shi, gara ki rabu da shi. Na ce miki “to”. Ummi, ba “to” ce a raina ba. Nauyin baki ne ya kama ni, ga mata cike da gida, ga mota tana jira. Kafin nan kuma Liman ya tambaye ni ko za a mayar da wurin waƙafi, ya zama na jama'a har abada, na ce masa sai na tambayi mai shi. Ke ce mai shi. Faɗin wurin kunya bakwai ne kacal, amma kafin ki yanke shawara ina so ki san yadda aka yi ciyawar nan ta zo wurin. Kina ƙarama aka yi abin, kuma ban taɓa ba ki labarin yadda yake ba, don ba ni ne gwanin labarin ba.

Zan fara da gawo. Gonar da mahaifina ya bar min tana da gawo manya-manya guda shida. Da takin zamani ya shigo, na kuma samu shanun huɗa, sai na ga itatuwan nan suna tare wa garma hanya. Na ce mutanen da ba su da aiki ne, su bar itace a tsakiyar gona suna kewaya shi kamar suruki. Na kira masu gatari suka kwantar da su duka a rani ɗaya. Wani tsoho ya tsaya a bakin hanya ya ce min, “Haruna, ka taɓa lura da dawar da ke gindin gawo kuwa?” Na ce, “Baba, yanzu gawo a buhu yake zuwa.” Aka yi dariya, ni kuma na ji daɗin bakina. Shekara uku na yi ina cika rumbu ina taƙama. Da aka shiga shekarun fari, takin ya yi wuyar samu, sai ƙasar ta nuna min abin da na yi mata. Ta yi fari, ta yi tauri, in an yi ruwa ba ta sha, sai ya bi ta kanta ya gangara. Don haka duk inda kika je, idan kika tarar da wani abu da mutanen wurin suke kewayawa, ki tambayi dalili kafin ki taɓa. Kuma kada dariyar mutane ta sa ki ɗauka kin yi gaskiya. Ni an yi min dariyar, kuma ban yi gaskiya ba.

Da gonar ta rage albarka, maimakon in gyara ta sai na nemi ƙari. Burtalin da shanun Ardo Sambo ke bi zuwa rafi yana gefenmu, sai na riƙa cin sa kaɗan-kaɗan, bana kunya ɗaya, baɗi kunya biyu. Ardo Sambo kin san shi, shi ne mai aiko miki da nono kina ƙarama. Mahaifinsa da mahaifina tare suka yi zama. Ya zo har ƙofar gida ya yi sallama ya ce, “Malam Haruna, hanya ta matse, shanu ba su san iyaka ba.” Na ce masa ai sai ya koya musu. Ya dube ni, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya tafi. Shanun suka koma bin wata siririyar hanya suna tattaka wuri ɗaya, ruwa ya samu hanyar ya bi, daga nan kwazazzabo ya fara. Shekara biyu muna haɗuwa a masallacin Juma'a, in ya tsaya a dama sai in koma hagu. Ki kiyayi wannan, Ummi. A birni za ku haɗa famfo da igiyar shanya da mutanen da ba ki sani ba. Maƙwabcin da ya zo miki da magana a hankali, ki amsa masa a hankali. Ba lallai ya sake zuwa ba.

Kwazazzabon nan ya yi ta girma. Da farko tsallake shi ake yi, daga baya sai da aka sa itace, daga baya jaki ma ba ya iya ƙetarewa. Duk damina yana matsowa wajen makabarta. Wata Juma'a bayan an idar da salla, Liman na lokacin, marigayi Malam Tanimu, ya ce kowa ya zauna. Ba mai yawan magana ba ne. Ya ce waɗanda ke kwance a makabarta sun gama nasu, ba za su iya tashi su kare kansu ba, haƙƙinsu yana wuyanmu. Ya ce ƙasa amana ce, kuma shuka itace sadaka ce. Sai ya kawo shawarar da ya yi da wani malamin gona da dattawa: duk mai gona a saman makabarta ya bar kunya bakwai a gefen ƙasa, kada ya nome, a dasa gamba da jema don su riƙe ƙasa su rage wa ruwa gudu, a bayansu kuma a jera itatuwa. Mu tara ne masu gona a layin. Takwas suka ce sun bayar.

Ni na miƙe na ce ban bayar ba. Na ce gonar tsakiya da nake nomawa ita ce mafi kyau, kuma ba zan shuka ciyawa da hannuna ba alhali shekara da shekaru ina yaƙi da ita da fartanya. Liman ya ce, “Malam Haruna, in sahu ya samu kafa a tsakiya fa?” Na ce, “Allah gafarta Malam, sahu a masallaci yake, wannan gona ce.” Sai ya shafa fatiha aka watse.

Jama'a suka yi aikinsu ba ni. Aka yi gayya, aka haƙo saiwar gamba daga daji, aka ɗebo jema daga fadama a kan jakuna. A bayan masallaci aka gyara inda ruwan alwala ke gangarawa, aka jera tsofaffin gwangwanaye da irin dalbejiya da bagaruwa da ɗorawa, ruwan da a da yake zama taɓo ya koma yana rayar da su. Mutanen Ardo Sambo suka kawo taki, suka kuma yi alkawarin kange shanunsu daga wurin har ciyawar ta kama. Ni ina wucewa da garmata ina ce musu sannunku da noman ciyawa. Layin ya tashi kore daga wannan gefe zuwa wancan, sai a tsakiya, inda na shuka gyaɗa har bakin iyaka.

A damina ta biyu, cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi, aka yi wani ruwa bayan La'asar. Bai fi ruwan da aka saba yi ba. Amma duk ruwan da gonaki takwas suka tare sai ya bi gefen ciyawa yana neman mafita, kuma mafita ɗaya ce. Ya taru ya bi ta cikin gyaɗata. Kafin Magariba aka zo aka kira ni. Na tarar da mutane tsaye a bakin makabarta. Gefen ya zabtare, kaburbura uku sun buɗe, ana ganin itacen rufi da farin likkafani a cikin laka. Kabarin Inna, mahaifiyata, taku huɗu ya rage ruwan ya kai gare shi. Na auna da ƙafata, shi ya sa na sani.

Babu wanda ya ce min komai, kuma da an zage ni da ya fi min sauƙi. Muka tuɓe riguna muka shiga, muka gyara wa bayin Allah makwanci a wuri mai tudu. Ɗaya daga cikinsu ƙanin Ardo Sambo ne. Shi Ardo yana gefena muna aiki, sai ya karɓi fartanyar daga hannuna ya ce in je in zauna. Na riƙe kunya bakwai na gona, na kwashi wata kunyar da har yau ban gama sauke ta ba. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, idan jama'a suka haɗu a kan wani abin alheri, kada ki ce naki kaɗan ne, ba zai hana komai ba. Nawa ma kaɗan ne. Kuma idan kika yi kuskure a gaban mutane, ki amsa shi a gabansu. Washegari da Asuba na tsaya a masallaci na ce na yi laifi, a yafe min. Maganar ba ta fi numfashi biyu ba, amma sai da na yi gumi kafin ta fito.

Yanzu ga wanda ya fi duka, kuma saboda shi nake rubuta miki wannan takarda. Da na dawo gida ranar da abin ya faru, jikina duk laka, mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta kawo min ruwa. Ta bari na wanke, sannan ta ce, “Malam, wai da gaske ne tun bara aka nemi gefen gonar nan ka hana?”

Na ce da gaske ne.

Ta ce, “Gonar wa?”

Ummi, gonar saman makabartar ba tawa ba ce, tawa ita ce mai gawon nan. Tata ce, ta gada wajen mahaifinta, ni dai ina nomawa ne tun da aka kawo ta gidan nan, har na manta. Na tsaya a gaban jama'a na hana abin da ba nawa ba, kuma fiye da shekara ban ko gaya mata an tambaya ba.

Ta ce, “Babana yana cikin makabartar nan, Malam. Da ka tambaye ni, da ko kunya sha huɗu aka ce na bayar. Gobe ka je ka ce wa Liman na ba da aron wurin muddin ina raye. Bayan raina kuma, wanda ya gada shi za a tambaya, ba kai ba.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba har ta koma ga Allah. Na je na isar da saƙo. Sai dai ko a nan ban cika ba, don da mutane suka riƙa cewa Allah ya saka wa Malam Haruna da alheri, amin kawai nake cewa, ban ce na matata ne ba. Liman kaɗai ya sani. Ki riƙe wannan a zamanki da Malam Nasiru. Abin da yake naki, ki san naki ne, ki faɗi ra'ayinki a kansa cikin ladabi, kada ki bari kawaici ya sa a yi ta magana da bakinki. Abin da yake nasa kuma kada ki yanke hukunci a kai sai kin tambaye shi. Ki karanta masa wannan wurin ma in kin ga dama, ba zan ji kunya ba, na riga na ji ta.

Kada ki ɗauka daga nan na zama mai hankali. Da na tuba sai na zaƙe. Na ce ni zan dasa namu layin, ba na son taimako. Maganar Liman ta sahu ta zauna min a kai, sai na ɗauko igiya na ja ta miƙe sambal, na dasa gambata a kai, har ina leƙawa ta gefe ina cewa wannan ta yi gaba, wannan ta yi baya, kamar mai daidaita sahun Idi. Ruwan farko ya kwashe rabinta. Ardo Sambo ya zo wucewa ya tarar da ni ina tsintar saiwoyi. Ya tsaya ya jingina da sandarsa ya ce, “Kaɗo, wannan ciyawar taka alƙibla take kallo ne?”

Na ce, “Ai layi aka ce a yi.”

Ya ce, “Miƙo min butarka.” Ya tsiyaya ruwan a ƙasa, muka tsuguna mu biyu, manya da gemu, muna kallon inda yake bi. Ya ce, “Ka gani? Nan ya karkata. Ka dubi sawun shanu a jikin tudun can, ba sa hawa kai tsaye, gefe suke bi. Haka za ka dasa, ka tare shi ta inda yake zuwa, ko da layin ya lanƙwashe.”

Na bi maganarsa. Layin ya fito a karkace, ba kyan gani, amma ya tsaya. A ranar na mayar masa da burtalinsa, na cire shingen da hannuna. Ke malama ce yanzu, za ki shiga aji da abin da aka koya miki a kwaleji. Yana da kyau. Amma ki riƙa kallon yaran da ke gabanki tukuna, ki ga ta inda fahimtarsu take bi. Kuma kada ki raina mai gyara miki don bai yi makaranta ba.

Sauran labarin kin gan shi da idonki, sai dai ba ki san mafarinsa ba. Muka cika bakin kwazazzabon da duwatsu da buhunan ƙasa. Kowace damina ƙasar da ruwa ya ɗebo daga sama sai ta tsaya a gindin ciyawa, har wurin da jaki ba ya ƙetarewa ya zama ana bi da keke. Itatuwan bayan masallaci da aka dasa sun yi inuwa, a ƙarƙashinsu ake tsayawa in an kai gawa. Da kaka ana yankan gamba a yi zana, a kewaye makabarta, a gyara rumfar masallaci, abin da ya rage mutanen Ardo su yanka wa maruƙa da rani. Rijiyar masallaci da take ƙafewa kafin bazara yanzu tana kai mu damina. Mutane sun zo daga wajen Ruwan Bago, wasu har daga Kurugu, limaminsu a gaba, suka ɗebi saiwar jema suka tafi da ita. Ni da na ce ba zan shuka ciyawa ba, ni ake turo wa baƙi in nuna musu yadda ake yi, kuma da buta nake farawa. A gonata ma gawo ya sake tsirowa da kansa, guda huɗu, ina kewaya su da garma. Ba zan ga girmansu ba, amma sun fi ni tsawo yanzu, kuma in na dube su raina yana yin fari.

To, Ummi, ga inda maganar take. Da aka raba gadon mahaifiyarki, gefen nan ya faɗo a rabonki, aron da ta bayar kuma ya ƙare da rayuwarta. Mai bulo ba mugun mutum ba ne, sana'arsa yake nema, kuma ba ruwansa da abin da ya faru kafin ya san garin. Amma in ya haƙa rami a wurin, kafar da na bari a da ita za ta sake buɗewa, a daidai inda take. Sauran takwas ɗin, su da magadansu, duk sun mayar da nasu waƙafi. Naki kaɗai ya rage.

Na san sabon zama yana da buƙatu, kuma na san haƙƙinki ne. Ba zan ce na hana ki ba. Sau ɗaya na yi magana a kan wurin nan ba da izinin mai shi ba, ba zan ƙara ba. Idan kin ce a sayar, ni zan raka mutumin in nuna masa iyaka, kuma ba za ki ga canji a fuskata ba, albarkar da na sa miki tana nan. Idan kin ce a bari, ki rubuto da hannunki, ki sa sunanki, a karanta a masallaci yadda kowa zai san daga wa ya fito. Ki yi shawara da mijinki, ki yi istihara, kada ki yi gaggawa. Liman na yanzu ya ce zai jira har a gama girbi.

Akwai abu ɗaya da na yi ta tunanin ko in rubuta ko in bari, don kada ki ce na ɗora miki nauyi. Na ga ɓoye shi ma wani rashin gaskiyar ne. Gefen makabartar da ya taɓa zabtarewa an cike shi tuntuni, ƙasar ta zauna, amma har yau in an yi rasuwa mutane suna ja da baya daga wurin, kowa yana nema wa nasa tudu. Na gaya wa Liman, na kuma gaya wa masu haƙa, cewa in tawa ta zo a nan za a sa ni. Wani ne zai fara kwanciya a wurin kafin mutane su yarda ya gyaru, kuma ni ya kamata. Na faɗi wannan tun kafin mai bulo ya aiko, kuma ko me kika yanke ba zan canja ba.

Allah ya yi miki albarka, Ummi. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa aikinki ya amfani mutane. Allah ya jiƙan mahaifiyarki da iyayenmu da duk waɗanda ke kwance a wurin nan, ya sa mu cika da imani. Ki riƙe salla a kan lokaci. In za ki aiko da amsa, ki ba direban motar da ke zuwa ranar kasuwar Karaye, ya san gida.

Wassalam.

Ni ne mahaifinki,
Haruna